TARIHI: Robert Bakewell, manomin da ya kafa harsashin zaɓen iri a kiwon dabbobi

A wajajen shekarar 1760, wani manomi a tsakiyar ƙasar Ingila ya fito da wata dabara wadda da farko maƙwabtansa ba su ga kanta ba. Maimakon ya sayar da ragunansa, sai ya riƙa ba masu tumaki hayarsu na tsawon lokacin barbara, idan lokacin ya wuce a dawo masa da abinsa. A wancan karo kuɗin hayar rago guda bai cika fam 1 ba. Zuwa shekarar 1789, raguna 3 kacal daga garken wannan manomi sun samo masa gini 1,200 a kaka guda. Gini tsabar zinari ce mai darajar fam 1 da sule 1, kuma a zamanin leburan gona yakan shekara yana aiki bai samu gini 30 ba.

Sunan manomin Robert Bakewell. Bai je jami'a ba, bai wallafa littafi ba, kuma ya rasu shekara 70 cif kafin Gregor Mendel ya bayyana ƙa'idojin gadon halitta a 1865. Duk da haka, masana kiwo suna lissafa shi a matsayin wanda ya fara tsara zaɓen iri a dabbobin gida bisa manufa, da gwaji, da lissafi. Rayuwarsa ta nuna irin ƙarfin da wannan aiki yake da shi, ta kuma nuna asarar da ke biyo baya idan aka ƙwallafa rai a kan siffa ɗaya aka manta da sauran.

Haihuwa da tasowa

An haifi Bakewell ranar 23 ga Mayu, 1725, a gonar Dishley da ke kusa da garin Loughborough a gundumar Leicestershire. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Robert, manomi ne mai hayar gona. Ƙasar ba mallakarsu ba ce, amma tana da faɗi, domin ta kai eka 440, wato kimanin hekta 178, kuma mafi yawanta makiyaya ce.

Tun yana saurayi ya yi yawon buɗe ido a sassan Ingila, ya kuma tsallaka zuwa nahiyar Turai, yana duba yadda manoma ke sarrafa ƙasa da dabbobi. Duk inda ya je yakan lura da irin dabbar da ke yin kyau a wurin, da abin da take ci, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta isa yanka. A wajajen 1760 ragamar gonar ta dawo hannunsa, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Bai taɓa yin aure ba. 'Yar'uwarsa Hannah ce ta riƙe masa gida.

Yadda ya tarar da kiwo

Kafin zamanin Bakewell, manomin Ingila ba don nama yake kiwo ba. Ana ajiye shanu saboda huɗa da nono, tumaki kuma saboda ulu da taki. Dabba ba ta zuwa hannun mahauci sai ta tsufa ta gama amfani, don haka naman da ake samu mai tauri ne kuma kaɗan. Tumakin yankin Leicestershire na wancan lokaci dogaye ne, masu manyan ƙasusuwa da ƙarancin tsoka, sukan ɗauki shekara 3 zuwa 4 kafin su yi ƙiba.

Haka kuma a ƙauyuka da yawa dabbobin jama'a a makiyaya ɗaya suke cuɗanya, maza da mata, ba wanda ya san wane rago ne ya haifi wane ɗan tunkiya. Masu ƙoƙarin gyara irinsu kuwa sun yi imani da cewa sai an kawo namiji daga nesa, wanda ba shi da dangantaka da garken, sannan za a ga ci gaba.

Abubuwa biyu suna sauyawa a lokacin da Bakewell ya karɓi gonar. Na farko, ana ta killace filayen haɗaka ana mayar da su gonakin da ke da shinge, abin da ya ba manomi ikon raba dabbobinsa da na wasu. Na biyu, garuruwa suna cika da ma'aikatan masana'antu da na ma'adinai masu buƙatar abinci mai sauƙin kuɗi. Ƙidayar 1801 ta nuna mutanen Ingila da Wales sun kusa miliyan 9. Bakewell ya hango cewa kasuwar gobe ta nama ce, kuma wanda ya samar da dabbar da ke mayar da ciyawa nama cikin gaggawa shi zai ci ribarta.

Dabarun da ya bi

Matakin farko shi ne ya tsayar da siffar dabbar da yake nema tun kafin ya same ta. Yana son dabba mai ƙananan ƙashi, ƙaramin kai, gajerun ƙafafu, da jiki mai kama da ganga, wadda nauyinta ya taru a sassan da mahauci ke sayarwa da tsada. A lissafinsa, duk abincin da ya tafi wajen gina ƙashi da ƙaho da fata asara ce ga mai kiwo.

Mataki na biyu, ya raba maza da mata gaba ɗaya. Babu barbarar da ke aukuwa a Dishley sai wadda ya tsara da kansa, kuma dabbar da ba ta cika sharuɗɗansa ba ba ta samun damar haihuwa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi tayar da ƙura. Idan ya samu dabbar da ta dace da abin da yake so, ba ya neman baƙon jini. Yakan haɗa ta da danginta na kusa, uba da 'yarsa, ɗa da uwarsa, wa da ƙanwa, yana maimaita haka daga tsatso zuwa tsatso har siffar ta zauna daram a cikin garken. Mutanen zamaninsa da dama sun ƙyamaci wannan, wasu saboda ɗabi'a, wasu saboda tsoron nakasa. Shi kuwa ya dogara ne da tsananin tacewa: abin da ya fito da rauni ya tafi mayanka, abin da ya fito da kyau ya ci gaba.

Bai tsaya ga kallon ido ba. Yakan auna dabbobi, ya auna abincin da suka ci, ya kwatanta irin nasa da na wasu yankuna a kan ciyarwa iri ɗaya. A cikin gidansa ya ajiye ƙwarangwal ɗin fitattun dabbobinsa da yankan namansu da aka jiƙa a ruwan gishiri, domin ya riƙa gwada kaurin kitse da sirantar ƙashi tsakanin kakanni da jikoki. Baƙon da ya shiga zauren yakan ga tarihin garken a rataye a bango.

Tunkiyar Dishley da hayar raguna

Babbar nasararsa ita ce tunkiyar da aka sani da New Leicester, ko Dishley Leicester. Daga tumakin yankin masu dogon ulu ya fitar da ita. Ba ta da ƙaho, bayanta shimfiɗaɗɗe ne, jikinta a dunƙule, kuma takan isa kasuwa tana da shekara 2. Ga mai kiwo, wannan na nufin ciyawar da a da take fitar da garke ɗaya yanzu za ta fitar da kusan biyu.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bakewell ya yarda da haka, amma ya lura cewa ba kowane kyakkyawan rago ne ke haifar kyawawan 'ya'ya ba. Ana iya samun rago mai ban sha'awa wanda 'ya'yansa ba su ɗauko komai daga gare shi ba, a samu wani mai matsakaicin kyau wanda zuriyarsa ta fi ta kowa. Ido ba ya iya bambance su. 'Ya'yan ne kaɗai shaida.

A nan hikimar hayar raguna take. Gonarsa ba za ta iya ɗaukar tumakin da za su isa a gwada kowane rago ba. Amma idan ya ba da hayar raguna ga manoma daban-daban, kowanne zai haifi 'ya'ya masu yawa a garken wani, a kan ƙasar wani, da abincin wani. Shi kuma sai ya zagaya ya duba sakamakon. Ragon da 'ya'yansa suka yi fice a wurare da yawa ya dawo da shi cikin garkensa, wanda ya gaza ya rabu da shi. Ta haka manoman yankin suka zama masu yi masa gwaji, kuma su ne ke biyansa.

Da sunan tumakin ya bazu, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 1786 ya samu gini 1,000 daga hayar raguna 20. Shekara 3 bayan haka aka kai ga adadin da aka ambata a farkon wannan tarihi. Rago mafi shahara a garken shi ne wanda ake kira Two Pounder, wanda masu kiwo suka riƙa rububin samun jininsa.

A 1783 Bakewell da wasu masu kiwon wannan iri suka kafa ƙungiyar Dishley. Ta gindaya wa mambobinta dokoki kan yawan ragunan da za a bayar haya, da kuɗin da za a karɓa, da waɗanda za a yi hulɗa da su. Manufar da suka bayyana ita ce kare tsarkin irin, amma masu suka sun ɗauke ta a matsayin haɗin baki don riƙe farashi a sama. Ko ma dai yaya ne, ita ce ta share fage ga ƙungiyoyin masu kiwon iri guda da suka yawaita daga baya.

Shanu da dawaki

Ya gwada wannan hanya a kan shanu masu dogon ƙaho da ake kira Longhorn. Ya sayi karsana daga garken wani mai kiwo mai suna Webster a Canley, kusa da Coventry, ya kawo bijimi daga Westmorland a arewacin Ingila, ya gina garkensa a kansu. Daga cikin shanun akwai wata saniya mai suna Old Comely wadda ta rayu shekara 26, da ɗanta Twopenny, bijimin da ya yi suna a duk yankin. Shanun Dishley sun fi na da saurin ƙiba da cikar cinya, kuma na ɗan lokaci su ne abin yayi a tsakiyar Ingila.

A ɓangaren dawaki, ya yi aiki a kan baƙaƙen dawakin jan kaya na yankin, inda ya shigo da goɗiyoyi daga Holan, ya fitar da doki mai gajeren jiki, kauri da ƙarfi. An taɓa kai ɗaya daga cikin ingarmunsa Landan aka nuna wa Sarki George na III. Jinin waɗannan dawaki yana cikin tushen irin da ake kira Shire a yau.

Gonar da ta zama makaranta

Bakewell ya san cewa iri mai kyau ba ya nuna kansa a kan yunwa. Ya haƙa magudanai ya janyo ruwan rafi yana malala wa kimanin eka 200 na makiyayarsa, har ya kai ana yankan ciyawa sau 4 a shekara. Yakan zuba amfanin gona mai saiwa da ake ciyar da dabbobi a cikin magudanar, ruwa ya wanke shi ya kuma kai shi bakin garke, ba keken doki ba ɗan dako. A lokacin sanyi yakan tsare shanu a rumfa domin kada su tattake makiyaya, ya kuma tattara takinsu.

Wani abin da ya ba maziyarta mamaki shi ne ladabin dabbobinsa. Ya hana ma'aikatansa duka da tsawa, har ta kai ƙaramin yaro yana iya jan ƙaton bijimi ba gardama. Marubucin harkokin noma Arthur Young, wanda ya ziyarci Dishley fiye da sau ɗaya, ya ba da labarin gonar a rubuce-rubucensa, abin da ya ƙara yaɗa sunanta.

Daga nan baƙi suka yi ta kwarara, manyan masu mulki da attajirai da manoma, daga Birtaniya da ƙasashen Turai har da Rasha. Kowa ya zo a kicin ɗin gidan ake karɓarsa a ciyar da shi. Wannan karamci, haɗe da tsadar gwaje-gwajensa, ya fi ƙarfin aljihun mai hayar gona. A 1776 ya karye, aka ayyana shi a matsayin wanda ya kasa biyan bashi. Bai rasa gonar ba, ya kuma farfaɗo, domin shekarun da ya fi samun kuɗin haya sun zo ne bayan wannan karaya.

Duk da buɗe ƙofarsa ga baƙi, akwai abin da bai buɗe ba. Bai bayyana takamaiman dabbobin da ya haɗa ya samu irinsa ba, bai kuma bar kundin salsalar garkensa ba. Mafi yawan abin da aka sani game da aikinsa ya fito ne daga bakin maziyarta da almajiransa da 'yan wasiƙunsa.

Abin da zaɓen ya ci

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tunkiyar Dishley ta samu saurin ƙiba, amma ta biya da wasu abubuwa. Kitsenta ya yi yawa har masu hali suka guji namanta, ya zama abincin leburori masu aikin ƙarfi, waɗanda dama su Bakewell ya nufa. Ulunta ya ragu. Haihuwarta ta yi ƙasa, nononta ya ƙaranta, kuma ba ta jure wahala kamar tumakin da ta maye gurbinsu.

A shanu abin ya fi muni. Longhorn na asali saniya ce mai ba da nono, kuma yankin ya dogara da cuku. Da aka karkata ga nama da kitse, nonon ya ja baya. Bayan rasuwarsa, masu kiwon da ba su da idonsa suka ci gaba da haɗa dangi ba tare da tacewa irin tasa ba, garkuna suka raunana, farin jinin irin ya dushe.

Ilimin da ya zo daga baya ya bayyana dalilin. Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin halitta biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Haɗa dangi na kusa yana ƙara yiwuwar biyun su zama iri ɗaya. Wannan ne ke sa siffar da ake so ta zauna, kuma shi ne ke fito da lahanin da ke ɓoye, musamman ta fuskar haihuwa da ƙarfin jiki. Bakewell ya riƙe wuƙa mai kaifi biyu ba tare da ya san sunanta ba.

Abin lura shi ne, da dabararsa aka kayar da shanunsa. Charles Colling, wani mai kiwo daga yankin Durham, ya ziyarci Dishley a farkon shekarun 1780, ya koma gida shi da ɗan'uwansa Robert suka yi amfani da abin da ya gani a kan shanu masu gajeren ƙaho da ake kira Shorthorn. Waɗannan sun haɗa nama da nono, suka kuwa mamaye kasuwa. A 1810 aka sayar da bijimin Colling mai suna Comet a kan gini 1,000, kuma a 1822 aka buga kundin salsalar Shorthorn, irinsa na farko a tarihin kiwon shanu.

Rasuwa da gadon da ya bari

Robert Bakewell ya rasu a Dishley ranar 1 ga Oktoba, 1795, yana da shekara 70, bayan doguwar jinya. An binne shi a cocin da ke jikin gonar.

Tumakinsa ba su ɗore a yadda ya bar su ba, amma jininsu ya yi nisa. Almajiransa George da Matthew Culley sun kai su Northumberland a 1767, inda daga baya aka samu irin Border Leicester. An yi amfani da ragunan Leicester wajen gyara yawancin tumakin Birtaniya masu dogon ulu, an kuma kai su Amurka da Ostireliya da sauran ƙasashe. A yau asalin irin yana cikin waɗanda ake lallaɓawa a Birtaniya don kada su ƙare.

Tasirinsa ya kai har cikin kimiyya. A babin farko na littafinsa kan asalin nau'o'in halittu, wanda ya fito a 1859, Charles Darwin ya kawo misalin garkuna biyu na wasu masu kiwo, Buckley da Burgess. Dukansu daga tumakin Bakewell suka samo tushe, ba a gauraya su da wani jini ba fiye da shekara 50, amma suka bambanta har suka zama kamar iri biyu, saboda kowane mai garke da abin da idonsa ke so. Darwin ya kafa hujja da wannan wajen nuna yadda zaɓe ke sauya halitta a hankali.

A yankin Moravia na Jamhuriyar Czech ta yau, masu kiwon tumaki sun yi nazarin hanyoyin Bakewell suna muhawara kan yadda siffofi ke bin jini. Cikin masu wannan muhawara a birnin Brno akwai Cyril Napp, shugaban gidan ibadar da ya karɓi Mendel a 1843. A ƙarni na 20, Sewall Wright ya fitar da ma'aunin lissafin kusancin jini a 1922, ya kuma gwada shi a kan salsalar shanun Shorthorn. A 1937 Jay Lush ya wallafa littafin da ya ɗora tsarin kiwon iri a kan lissafin gadon halitta. Gwada bijimi ta hanyar auna nonon 'ya'yansa mata kafin a yaɗa maniyyinsa, wanda ya zama ginshiƙin kiwon shanun madara a duniya, ci gaba ne na abin da aka fara da hayar raguna a Dishley.

Tambayoyin da Bakewell ya fuskanta suna nan a gaban duk mai aikin inganta iri, har da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika a Zariya, wadda ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown, ta kuma daɗe tana gwada haɗa shanun Bunaji da na Friesian. Wace siffa ake nema, wa zai ajiye bayanan haihuwa da nauyi da nono shekara da shekaru, kuma me za a rasa idan aka samu abin da ake nema? Saniyar da aka ƙara wa nono tana iya rasa juriyar zafi da cuta da doguwar tafiya, kamar yadda tunkiyar Dishley ta samu kitse ta rasa haihuwa. Bakewell ya shafe shekara 35 yana auna dabbobi a gona ɗaya kafin ya bar abin da ake tunawa da shi, kuma ko shi bai tsira daga wannan ciniki ba.